Haƙori Uku Kafin Gashi

Sai da na jawo fitilar kujera kan fuskarsa sannan na gane shi. Ya rame ƙwarai, kuncinsa na hagu a kumbure.

"Likitata..." ya ce a hankali, yadda yake kirana tun ina ɗaliba.

Shekara huɗu ke nan da aka fasa aurenmu, saura wata guda biki. 'Yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, ita ta kai wa Mamansa gulmar wai ina rufe ƙofa da maza a ɗakin cire haƙori. Mama ta rantse ba zan shigo mata gida ba. Bai iya musa mata ba, bai kuma auri kowa ba.

Yau ga Maman a bakin ƙofa, ta kasa haɗa ido da ni. Ta miƙo takardar asibiti.

Ciwon daji ne a ƙasan harshe. Za a fara gasa wurin da na'ura nan da mako uku, kuma dole a cire turamen haƙorinsa uku da suka ruɓe kafin lokacin. In ƙashin muƙamuƙi ya tsage wajen cirewa, bayan gashi da wuya ya warke.

"An ce hannunki ya fi na kowa sauƙi," Mama ta ce. "Na san ba ni da bakin roƙonki..."

"Ki zauna, Mama."

Na sa safar hannu, na yi masa allurar kashe zafi. Ban ɗauki filaya ba. Siririn ƙarfe na zura tsakanin saiwa da ƙashi, ina sassautawa kaɗan-kaɗan har haƙorin ya fara lilo da kansa. Na ƙarshen ya ƙi motsi, sai na raba shi biyu, na zaro kowace saiwa daban. Awa biyu muka yi, dasashin bai yage ba.

Hawaye na gangara ta gefen kunnensa.

"Akwai zafi ne?"

Ya girgiza kai. Da na gama ɗinki ya cije auduga, ya ɗauki birona ya rubuta a bayan takardar magani: "Na cuce ki. Har yanzu ke ce."

"An hana ka magana, an hana ka kuskure baki har gobe," na ce, na juya baya don kada ya ga fuskata.

Bayan kwana uku Mama ta zo gidanmu da kanta, ta durƙusa gaban mahaifina tana roƙon a mayar da maganar aurenmu. Baba ya ja ni gefe.

"Kin fi ni sanin abin da ke cikin takardar nan. Kina gani za ki jefa kanki?"

"Na sani, Baba. Ina so."

Aka ɗaura aure ana gobe za a fara gashin. Ni nake dama masa abinci ruwa-ruwa, ni nake duba bakinsa kowace safiya. Ramukan uku sun cike tsaf, ƙashin bai taɓa ba mu matsala ba. Ciwon ne ya sauka huhu.

Wata biyar muka samu.

Ranar da na fita takaba na haɗa kayana zan koma gida. Mama ta zauna a kan akwatina.

"'Yata, ki ƙara mini ko mako ɗaya," ta ce. "Gidan ya yi mini girma."

Na ajiye mayafina, na shiga kicin na ɗora mana ruwan shayi.