Cicciɓa Mini, Ɗana

A shekarun arzikin mai, lokacin da ake shimfiɗa kwalta ta wajen Gwaram, babu ɗan dakon da ya kai Dabo suna a kasuwar Sara. Buhun gyaɗar da mutum biyu ke kamawa, shi kaɗai yake cicciɓarsa ya wurga bayan mota. Yakan ce ɗauka ta kowa ce, ko ɗan yaye yana ɗaukar ludayi. Cicciɓa kuwa sai abin da ya tayar maka da jijiyar wuya.

Wata ranar kasuwa ya yi yamma. Ya kamo hanyar Zandam a ƙafa, rana ta yi ja. Ya biyo ta inda katafila ta ture wata tsohuwar kuka, saiwoyinta a sama, raminta a buɗe. Ma'aikata sun tashi, sai warin kwalta da baƙin mai.

A bakin ramin ya ga wata tsohuwa a tsugune, gammo a kanta, a gabanta ƙwarya ɗaure da tsumma, ba ta fi ta fura ba. Ya yi sallama. Ba ta amsa ba.

"Cicciɓa mini, ɗana," ta ce ƙasa-ƙasa.

Dabo ya so ya yi dariya. 'Yar wannan ƙwaryar? Ya sa hannu ɗaya. Ko gezau. Ya sa biyu, ya gyara tsayuwa, ya yunƙura. Da ƙyar ta rabu da ƙasa.

Sai ya lura kurciyoyi sun yi shiru. Warin kwalta ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, irin na ɗanyen kabari.

Ya kai ta gwiwa. Ƙwaryar da ɗumi.

Ya kai ta ƙirji. Ana numfashi a ciki. Ba mutum ɗaya ba. Can ƙasan ƙwaryar jariri ya yi tari, wata murya ta rarrashe shi.

"Inna, mene ne a ciki?"

"Mu ne. An tone mana gida, ƙaura muke."

Ya so ya dire. Ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, duk inda ƙwaryar ta taɓa ƙasa nan za su zauna, shi kuma ya zama mai ɗaukarsu har abada.

Ta miƙe tsaye.

Ya ɗaga zuwa kafaɗa, kanta ya wuce nan. Ya ɗaga sama da kansa, gammon ya ƙara nisa. Wuyanta tafiya yake, siriri kamar kara.

Ƙafafunsa suka fara nutsewa. Idon sawu. Ƙwauri. Wani abu ya ce ƙas a ƙashin bayansa. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshe ya ƙi juyawa.

Wasu ƙananan yatsu suka fito ta ƙarƙashin tsumman, suka riƙe masa babban yatsa.

Can nesa wani ladan ya ɗaga murya, kiran magariba.

Wuyan ya tsaya. Ya lanƙwaso a hankali, har sanyin numfashinta ya taɓa masa fuska. Dabo ya tattara ragowar ƙarfinsa ya aza ƙwaryar a kan gammon.

Bai ga inda ta bi ba. Ya fizge ƙafafunsa, ya bar takalman a cikin ƙasa, da rarrafe ya kai gida. Matarsa Hajjo ta ce da farko ba ta gane shi ba, ta ɗauka wani tsoho ne ya shigo neman ruwa.

Bayansa bai sake miƙewa ba. Ya bar dako, ya koma tufkar igiya a zaure.

Da aka buɗe hanyar, direbobi suka fara ƙorafi: a daidai wurin kukar, fili ne babu tudu, amma mota ko babu kaya sai ta yi nishi, ta zauna a kan tayoyinta. Da labarin ya zo zauren Dabo, ya ajiye igiyar da yake tufkawa. Sannan ya ce a gaya musu kada su tsaya duba abin da suka ɗauko.