Rabin Waƙar Inna Bona

Ranar da Bake ta fara shiga shagon Bio a bayan babbar kasuwar Parakou, tsohuwar kwamfuta ce a kanta, naɗe cikin zani kamar tallar doya.

"Wannan ai ta girme ni," in ji Bio.

"To gaishe ta da ladabi, sannan ka tashe ta."

Bai san lokacin da ya miƙa mata kujerarsa ba.

Mahaifiyarta, Inna Bona, mai waƙar rakiyar amare ce, ciwo kuma ya kwantar da ita. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, sai ta riƙa rera waƙoƙinta cikin wayar mijinta, Baba Woru, har da wadda ta tsara don ranar auren Bake. Wayar ta cika, ana neman inda za a juye su.

Sana'ar Bio ita ce raya injinan da aka yar. Da hannunsa yake haɗa musu kernel, wato zuciyar da ke tafiyar da inji, yana zaɓar abin da zai shiga da abin da zai bari. A injin Bake, ya zo kan layin da shi yake kira littafin niyya, mai kare ajiya in wuta ta yanke, ya ɗan tsaya. Injin ya tsufa, shi kuma yana so yarinyar ta ga gwanintarsa. Ya tsallake layin, ya tsara faifan ajiyar injin da tsohon tsari marar littafi. Injin ya tashi da gudu.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Malam Baƙin Allo, tsohuwa ta zama budurwa. Na gode."

Ya mayar: "Ladana sakwara da cukun wagashi, daga hannunki. Ban karɓar kuɗin sefa, Tauraruwa."

Daga nan hira ta ƙullu. Yakan zo gidan da yamma, ya gaida marar lafiya daga bakin ƙofa.

Inna Bona ta rasu farkon damina. Bayan an watse daga zaman makoki, Bake ta zauna kwashe waƙoƙin daga waya zuwa kwamfuta, duk wadda ta tafi tana gogewa daga wayar. Ana tsaka da haka hadari ya taso, wuta ta ɗauke. Da ta dawo, injin ya ƙi buɗewa. Bio ya yi gyaran da zai iya, sai waƙoƙin suka fito ba sunaye, lambobi kawai, wasu guntu-guntu, wasu babu su.

Bake ta daina cin abinci. Ta rubuto masa: "Ni na sake kashe ta, Bio. Da na jira hadarin ya wuce."

Yana iya yin shiru, kowa wuta yake zagi. Amma washegari ya je ya durƙusa gaban Baba Woru, Bake na jinsa daga ɗaki.

"Baba, ba laifinta ba ne. Akwai abin da ake sa wa inji, kafin ya taɓa faifai sai ya rubuta niyyarsa a gefe. In wuta ta yanke shi, yana tashi zai duba, ya ƙarasa ko ya fasa, ba zai hargitse ba. Ni na cire shi don injin ya yi sauri."

"A garin nan? Inda wuta ke zuwa kamar baƙuwa?" in ji tsohon. "Don ka burge 'yata ka binne min matata sau biyu. Tashi. Kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Sabi mai shagon wayoyi, wanda ya daɗe yana aiko goron neman auren Bake, ya samu ƙofa. Ya ce a ba shi faifan, a birnin Kwatano akwai masu dawo da komai. Bake ta ƙi saki. Ba ta amsa saƙonnin Bio, amma da kanta ta kai masa injin, ta ajiye ta juya.

Har aka fara haƙar sabuwar doya Bio na sauraron guntayen ɗaya bayan ɗaya, yana sa musu suna. Ya rame. Ya sake haɗa zuciyar injin, wannan karon da littafin a cikinta, ya sabunta faifan, sannan ya ɗauko ya tsaya a waje, bai taka ƙofar ba.

Baba Woru ya leƙo ya gan shi, ya ce ya shigo. Bio ya sa injin aiki. Don ya gwada, tsohon ya miƙa hannu ya fizge wayar wutar daga bango, ya mayar. Injin ya tashi, komai na wurinsa.

"Waƙar aurenta fa?"

"Rabi na samu, Baba. Sauran ya tafi."

"Sabi ya ce za a dawo da ita duka."

"Abin da bai kai ga faifai ba, babu mai dawo da shi. Ba zan yi maka alkawarin abin da babu ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Haka likita ya gaya min a ciwon matata, na tsane shi, amma shi kaɗai bai ci kuɗina ba." Ya share fuska. "Bake, kawo wa wannan ramammen abinci."

A ranar Bake ta rubuto wa Bio: "Ban gama fushi ba, Malam Baƙin Allo. Amma turo manyanka."

Ranar kai amarya aka jona lasifika. Muryar Inna Bona ta cika tsakar gida, mata suka rufe fuskoki da mayafi. Tana tsakiyar baitin da take cewa 'yarta ta tafi kada ta waiwaya, sai muryar ta yanke.

Bio ya kasa ɗaga kai.

Sai Baba Woru, wanda ba a taɓa jin ya yi waƙa ba, ya ɗauka daga inda ta tsaya. Ashe yana zaune a gefen gadonta ranar da ta rera. Muryarsa ba daɗi, tana karyewa, amma ya kai ta ƙarshe.

Ya kama hannun Bake ya ɗora a na Bio.

"Ga ta nan. Kada ka ƙara yin gaggawa da abin da ba shi da na biyu. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mai waƙar."