Keken Kezia

Ranar wata Asabar, cikin daminar shekarar da aka ba Nijeriya mulkin kai, gidan Job kafinta a Birnin Kebbi ya tashi da shirin tarbar baƙuwa. An yanka zakara, an share tsakar gida, an fito da kofunan tangaran da ba sa ganin rana sai Kirsimeti. Wadda ake jira ita ce Magdalena, mahaifiyar Cornelius makaniken tarakta. Ta taso tun daga ƙasar Kagoro don ta ga yarinyar da ɗanta yake so ya aura.

Yarinyar, Kezia, ba ta gida, an aike ta kasuwa sayo sukari. 'Yar Job ce ta fari, tana taimakon nas-nas a ɗakin awon jarirai. Abubuwan da ke faranta mata rai ba su da yawa, kuma ba su da tsada: shayi mai madara da safe, soyayyen kifin Laure maƙwabciyarsu, da keke. Keken na mata ne, marar sanda a tsakiya, Job ya saye shi a gwanjon kayan wata Baturiya da ke shirin komawa ƙasarsu. Ya saya ne don zuwa aiki, amma kafin wata ya ƙare Kezia ta mallake shi. Tana da buri guda: Sista, shugabarsu a wurin aiki, ta ce kafin damina ta wuce za ta zaɓi yarinya ɗaya mai iya keke ta riƙa zagaya ƙauyuka tana awon jarirai. Kezia ta sa rai ita ce.

Baƙuwa ta iso, aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa.

"Sannu da hanya, Maman Cornelius," in ji Job. "Yaya kika baro mutanen gida?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku. Hanya ma lafiya. Amma garin nan naku, Baban Kezia, akwai abin kallo! Ina tsaye bakin tasha, Cornelius ya tafi karɓo kayana, sai ga wata yarinya bisa keke. Budurwa fa, ba ƙarama ba! Ta gangaro kamar shaho ya ga ɗan tsako, tana buga ƙararrawa, tana dariya ita kaɗai. Na ce wayyo, Allah ya ji ƙan uwar da ɗanta zai kwaso wannan!"

Job ya dubi matarsa. Matarsa ta dubi tukunya. Cornelius kuwa tari ya sarƙe shi, ko da yake bai sha kome ba.

Ana cikin haka aka ji ƙararrawa a ƙofar gida. Kezia ta turo keke, ƙunshin sukari a kwando, gumi a goshi. Ta jingine shi, ta zo ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Mama. Sori, layi na tarar a kanti."

Magdalena ta dube ta, ta dubi keken, ta ajiye kofin ruwa a hankali. Ba ta ci zakaran ba.

Da yamma aka zauna magana. Magdalena ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta zagi kowa ba. Ta ce yarinya tana da kyau, tana da gaisuwa, iyayenta mutanen kirki ne. Amma kowa ya san keke yana girgiza mahaifa, macen da ta saba da shi ciki ba ya zama a jikinta.

"Mama, ba haka ba ne," in ji Kezia. "Sista ta ce—"

"Sistar nan 'ya'yanta nawa?"

"Ba ta yi aure ba, Mama."

"To."

Cornelius ya matso. "Mama, zamani ya canja fa. Ga indifenda, mulkin kai, tana tafe, mata suna—"

"Kai, rufe mini baki! Indifenda ce za ta haifa mini jika? Kai kaɗai ka tsaya mini cikin duk waɗanda na haifa, sauran suna ƙasa. Ba zan sa hannu gidan ubanka ya ƙare a kanka ba. Ko keke, ko auren. Ku zaɓa."

Cornelius yana son Kezia, amma bai taɓa ƙetare maganar uwarsa ba, kuma duk wanda ke wurin ya san ba ranar zai fara ba. Kezia ma ta sani. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta sake durƙusawa.

"Mama, na ji. Ba zan ƙara hawa ba, sai ranar da kika ce in hau da bakinki."

"Za ki daɗe kina jira."

"Zan jira."

Job ya ɗauki keken ya kai ɗakin ajiyar katako. Aka sa aure bayan girbi. Magdalena ta ce ba za ta koma gida ba tukuna, ruwa ya ɓata hanya. Gaskiya ne ruwa ya ɓata hanya, amma kowa ya gane gadi ta zauna yi.

Kezia ta koma zuwa aiki da ƙafa. Wata ranar Lahadi, suna dawowa daga coci, Cornelius ya rage murya.

"Kezia, ki bar damuwa. Mama ba ta fita. In aro miki keken Isuwa abokina, ki riƙa ajiye shi bayan asibiti. Wa zai gaya mata?"

"Ni zan sani."

"Haba, wannan ai ba laifi ba ne, dabara ce!"

"Cornelius, ranar da ya kamata ka yi magana ka yi tari. Yau kuma kana koya mini in yi wa mamanka ƙarya? In na fara da ita, kai ne na gaba. Ka bar ni."

Cornelius ya raka ta har gida. Mako bai cika ba aka tura shi Argungu, gyaran taraktocin noman shinkafa kafin ruwan fadama ya janye.

A cikin watan ne Sista ta yi zaɓenta. Ta kira Kezia ofis ta tambaye ta ko gaskiya ne ta daina hawan keke. Kezia ta ce gaskiya ne. Sista ta ɗaga kafaɗa, ta ba Veronica aikin, yarinyar da Kezia ce ta koya mata keken da hannunta. Kezia ta yi wa Veronica murna, ta gama diyuti, ta kamo hanya. Ba ta yi kuka ba sai da ta iso rumfar Laure mai kifi.

"Ke ɗiyag ga, mi na na?" in ji Laure. "Wa ya mutu?"

Kezia ta ba ta labari tana shessheƙa.

"Zamna ki ci kihi. Ina hwaɗa miki, tsohuwag ga ba ƙin ki taka yi ba, tsoro taka ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yi hanƙuri."

"Inna Laure, haƙurin ne ya cinye mini aiki!"

"Awo, ya ci. Ci kihi dai, yana hucewa."

Ta ci, tana hawaye. Kifin ya yi daɗi kamar kullum, abin da ya ƙara ba ta haushi.

Ba a daɗe ba idon sawun Magdalena ya kumbura, ya yi bororo, ya fashe. Kurkunu ne, tsutsar nan da ke shiga jiki ta ruwan tafki ta kwanta shekara kafin ta fito. Tun daga gida ta zo da shi. Maganinsa sananne ne: a ɗaure kan tsutsar a jikin tsinke, kullum a naɗe kaɗan. In aka ja da ƙarfi ta tsinke, ƙafa ta lalace. Magdalena ta ja da ƙarfi, saura kaɗan ta tsinke. Ƙafar ta ɗuri ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Disfensa, mai ba da magani a asibiti, ya zo ya duba, ya ce sai an riƙa kawo ta asibiti kullum a wanke a yi mata allura, in ba haka ba bai ɗauki alhakin ƙafar ba.

Ɗanta yana Argungu. Job yana fita aiki tun sassafe. An gwada jaki, ya jefar da ita tun a ƙofar gida. Kashegari Kezia ta fito da keke daga ɗakin katako, ta hura tayoyi, ta ɗaure matashin kai a kariyar baya, ta turo shi har ƙofar ɗakin da aka sauki Magdalena a gidansu.

"Me zan gani?" in ji Magdalena.

"Ba hawa zan yi ba, Mama. Ke za ki zauna a baya, ni in tura."

Ta yi gardama, ciwo ya fi ta gardama. Aka ɗora ta a kaikaice, ƙafa a naɗe da bandeji, ta riƙe sirdi da hannu biyu. Kezia ta kama kan keken ta fara turawa.

Tura keke da mutum a kai ya fi ɗaukar kaya wuya, balle a yashi bayan ruwan sama. Mutanen gari kuma ba su bar abin ya wuce ba.

"Nas, dokin naki ya gaji ne?"

"A'a, amarya ce ta ɗauko, ba a gudu da amarya!"

Kezia takan yi murmushi ta wuce. Da safe ta tura ta kai, ta yi aikinta, da azahar ta turo ta dawo. Da yamma ta zo ta naɗe tsinken da kanta, ɗan kaɗan, ta tsaya.

"Ƙara ja mana, ki fitar da ita mu huta!"

"A'a, Mama. Iyakar abin da ta bayar yau ke nan."

Magdalena ba ta gode ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Daga inda take zaune ba ta ganin kome sai bayan wuyan Kezia da gumin da ke gangarowa cikin rigar aiki, kuma kullum shi take kallo. A layin allura ta ji mata suna zancen Veronica da sabon aikinta, da wadda aka so a ba tun farko.

Ana gab da bikin mulkin kai, 'yan makaranta suna ta koyon fareti a fili da 'yan tutoci kore da fari, Kezia da Magdalena suka fito daga asibiti cikin rana mai zafi. A tsakiyar hawa, igiyar takalmin Kezia ta tsinke. Ta cire duka biyun ta sa a kwando, ta ci gaba da turawa ba takalmi, tana ɗage ƙafa saboda zafin yashi. Da suka kai kan tudu, inda hanya ke gangarawa zuwa unguwarsu, ta tsaya ta maida numfashi.

"Yarinya."

"Na'am, Mama."

"Cornelius ya gaya mini kafin ya tafi. Ya ce ya so ya aro miki keke a ɓoye, kika ƙi. Yana faɗa yana jin kunya."

Kezia ta share gumi, Magdalena ta ci gaba.

"Ni ban taɓa hawa keke ba sai da ƙafar nan ta kama ni. Ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Amma na haihu na binne, na haihu na binne. Kwanakin nan ina zaune a bayanki ina ta tunani: to ni wane keke ne ya girgiza ni?" Ta share ido da bakin zane. "Mai bayarwa shi ke karɓa. Hau mu tafi."

"Mama, na yi alkawari."

"Ba da bakina kika ce ba? Ga bakin nawa! Hau, rana za ta kashe ni!"

Kezia ta hau. Ta ɗora ƙafa a feda, ta saki birki kaɗan. Keken ya fara gangarawa, iska ta shiga rigarta. Magdalena ta saki sirdi ta rungume ƙugunta.

"Wayyo Allah! A hankali! Kezia, za ki kashe ni! Wayyo Yesu!"

Kezia ta kama birki.

"Wa ya ce ki tsaya? Na ce a hankali, ban ce ki tsaya ba!"

Laure tana juya kifi ta ga sun wuce, tsohuwa tana ihu tana dariya, ɗankwali ya zame. Ta bi su da kallo har kifin ya ƙone.

An ɗaura auren bayan girbi, ƙafar ta warke, sai ɗan tabo. Aikin zagayen ƙauyukan Birnin Kebbi bai dawo ba, Veronica ta riƙe shi, kuma ta iya. Sai a shekara ta biyu, da aka buɗe irinsa a Argungu inda aka bar Cornelius, aka kira Kezia. Haihuwa ma ba ta zo da wuri ba. Dangi a Kagoro suka fara 'yan maganganu, wata ta ambaci keke. Magdalena ce ta tashi a gaban kowa ta ce duk mai maganar 'yarta Kezia ya zo ya same ta. Daga baya Allah ya kawo ɗiya mace.

Matasa kan ɗauka cewa abin da iyaye suka hana hanya biyu ce gare shi, ko a yi faɗa, ko a yi a ɓoye. Da Kezia ta bi ɗaya daga ciki, da wataƙila ta sami aikin da wuri, ta kuma sami surukar da za ta zarge ta har abada. Ta bi ta uku, ta rasa abin da ta rasa, kuma ba a mayar mata da shi duka ba. Amma tsoron da ya daɗe a zuciyar babba ba a fizge shi, a hankali yake fita, kuma sai a hannun wanda aka gwada aka ga ba ya ƙarya. Mai haƙuri da riƙon alkawari, wanda ya tare masa hanya jiya shi ke tsaya masa gobe.