Hular da Ta Ƙi Shiga

Akwai wani yaro a Guangzhou, ɗan yayata. Malamarsu ta Turanci ta koya musu kalmomin wasa na kiran ƙananan abubuwa: teeny-weeny da itty-bitty.

Shi ke nan, gida ya shiga uku. Tururuwa, teeny-weeny. Maɓallin riga, itty-bitty. Har gemuna bai tsira ba. Gemun da ake waiwayowa a kalla a kasuwar baje kolin Pazhou!

Da na zo daga Kano sayen kaya, na taho masa da saƙon kakarsa. Hula ce, ɗinkin hannunta. Muka kira ta a waya, tana ganinmu muna ganinta.

Ya ɗora hular. Ta tsaya a tsakar kai, ta ƙi shiga.

Ya fashe da dariya yana juya ta a yatsa. "Teeny-weeny! Itty-bitty!"

Kaka ba ta jin Turanci, amma ta ji dariyar.

"Ba ta yi maka ba ko, maigidana?" ta ce a hankali. "Kan da na sani na ɗinka wa."

Sai ta ce za ta yi alwala, ta kashe wayar.

Mahaifiyarsa ta zaunar da shi.

"Rabonta da ta shafa kanka, tun kana ɗan mitsitsi," ta ce. "Idonta ya yi rauni. Tun azumi take ɗinkin nan a bakin ƙofa, inda haske yake. Allura ta sha sukarta."

Yaron ya kasa cin abinci. Washegari ya kira, Kaka ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Ya zauna rungume da hular yana hawaye.

"Kawu, ta daina sona ne?"

"Tambayi bakinka," na ce.

Amma ya ba ni tausayi. Na kira da wayata, don ni ba a ƙin ɗaukar kirana.

"Kaka, ki yafe mini," ya ce. "Hular tana da kyau. Ni ne na yi rashin hankali."



"Ja'iri," ta ce, tana goge ido. "Har na fara neman wani mijin. A auna mini ƙaton kan nan da zare, a ba kawunka."

Aka zagaya kansa da zare, aka ƙulla. Ni aka sa na kai zaren har Kano, ko sannu babu.

Kafin babbar sallah sabuwar hula ta iso, ta zauna daram.

Daga nan yaron ya gane: wasa da kalmomi yana da daɗi, amma ba a yi wa kyauta dariya, komai ƙanƙantarta.