Riƙon Yakaka

Akwatuna biyu ne a buɗe a tsakar falon. Radiyya na durƙushe tsakaninsu tana ninke kaya, Yakaka kuma na bin bayanta tana warware duk abin da aka ninke. Shekarar yarinyar uku da 'yan watanni, amma bakinta ya girme ta.

"Mami, a Nguru akwai ayiskirim?"

"Akwai kifi. Saki ɗankwalin nan kafin ranki ya ɓaci."

"Kifi ba ya sanyi, Mami."

Radiyya na cikin dariya Taufiq ya turo ƙofa da sallama, farar rigar asibiti a kafaɗarsa. Shekara huɗu ke nan da aikin likita ya kawo su Ta'if ta ƙasar Saudiyya, suna ango da amarya, kuma tun zuwansu ba su taka gida ba. A nan aka haifi Yakaka, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa Hajiya Fanna, shi ya sa ake sakaya sunan, a nan aka haifi ƙanenta Mu'awiya da ke barci a kan kujera.

Ya tsaya yana kallon akwatin yarinyar. "Ki ƙara mata kaya, Radiyya. Har na sanyi."

"Na sanyi kuma, Dakta? Hutun wata guda fa za mu yi, a tsakiyar zafi."

"Ki dai saka," ya ce, ya wuce ɗaki bai ko ɗauki Yakaka ba, abin da bai taɓa yi ba. Radiyya ta bi shi da ido, ta ɗauka gajiyar aiki ce.

Tafiyar ta ba su wuya. Tun daga Jidda Mu'awiya ya buɗe baki, bai rufe ba sai a Kano. Yakaka ta ƙi bel ɗin kujera, ta zubar wa wani dattijo lemo a babbar riga, sannan ta tambaye shi da ƙarfi me ya sa ba shi da gashi. A mota kuma, kafin su kai Haɗeja ta yi amai sau biyu. Radiyya da goyo a baya, jakar famfas a hannu, tana gogewa tana ba direba haƙuri, amma zuciyarta fara ƙal. Gida za ta.

Gidan Hajiya Fanna a Nguru gida ne na jama'a: 'ya'ya mata da suka zo tarya, jikoki, maƙwabta, ƙamshin turaren wuta ya gauraye da na miyar busasshen kifi. Hajiya ta rungume ɗanta, shi kaɗai ne namiji a wurinta, sannan ta miƙa hannu ga yarinyar.

"Zo nan, takwara. Ashe haka kika ƙwace min suna kika gudu da shi ƙasar Larabawa?"

Yakaka ta maƙale a wuyan uwarta. Radiyya, da ta saba, ta sumbace ta a goshi tana rarrashi. Sai ta ji tsakar gidan ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke.

"Ku ga ikon Allah," in ji Aisa, babbar yayar Taufiq. "'Yar fari a ƙirji, a gaban surukai. Amaryarmu, can kuka baro kunyar ko a jirgi ta faɗi?"

Radiyya ta sauke yarinyar da sauri, kanta a ƙasa. Ta manta. A gida uwa ba ta nuna ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta tanka masa a cikin mutane, ko faɗuwa ya yi sai dai wani ya ɗaga shi. Ita kuwa a can wa za ta ji wa kunya? Ita da yarinyar ne kawai daga safe har yamma.

Bayan sati, ana zaune a tabarma ana ɓare gyaɗa, Hajiya ta ce, kamar mai zancen ruwan sama, "Na sa an gyara wa takwara ɗan gado a ɗakina. Da ma tun yaye ya kamata a kawo min ita, nisa ya hana. Taufiq, Allah Ya yi maka albarka da ka cika alkawari."

Gyaɗar hannun Radiyya ta zube. Idanu suka juyo kanta. Ta san amsa ɗaya ce mace mai tarbiyya take bayarwa a irin wannan wuri, ta kuma ba da ita.

"Allah Ya taya riƙo, Hajiya."

A ɗaki ta same shi yana zaune a bakin gado, kansa cikin tafukansa.

"Wane alkawari, Dakta?"

"Radiyya, zauna..."

"A tsaye zan ji."

"Lokacin da zan tafi, Hajiya ta ƙi. Ta ce Alhaji ya rasu, ni kaɗai ne namijin gidan, zan bar ta. Kuka take yi. Na ce mata, in Allah Ya ba ni ɗan fari, nata ne. Da wannan ta sake ni. Ko cikin ba a samu ba a lokacin, ban san... ban san haka abin yake ba."

"Shi ya sa ka ce in saka kayan sanyi." Hawaye suka ziraro mata. "Da hannuna ka sa na haɗa mata kaya, ina waƙa. Ko shawara ban isa ba?"

"Na ji tsoron idonki ne. Wallahi ni ma 'yata ce."

"Kai kana da asibiti, kana da marasa lafiya, kana da abokai. Ni wa nake da shi?"



Da suka je Gashuwa gaida iyayenta, ta sa ran samun mai goya mata baya. Innarta ta saurare ta tana jan carbi har ta gama, sannan ta ce, "Kina so in wanke ƙafa in je Nguru in ce wa matar nan ta ba ki 'yarki? Da wane bakin? Yayarki a hannun gwaggonku ta girma a Dagona, ba ta mutu ba. Abin da nake so da ke, kada ki sa mijinki a tsakiya. In ya saɓa wa uwarsa dominki, yau zai ji daɗi, gobe ke zai riƙe a zuciya. Ki kai kukanki inda ake share shi." Ta juya fuska gefe, ta goge ido da bakin mayafi, don ita ma ba ta so a gani.

Ranar komawa, aka yi yadda aka saba yi. Aisa ta goya Yakaka ta ce za su kasuwa sayen alewa, don kada yarinya ta ga tafiyar. Yakaka na ɗaga hannu daga bayan gwaggonta.

"Mami, zan kawo miki ja!"

Radiyya ba ta iya ko ɗaga mata hannu ba, surukai na tsaye. Sai da motar ta bar gari, ruwan fadama ya fara bayyana a gefen titi, sannan ta kifa fuska a jikin Mu'awiya ta saki kukan da ta riƙe. Wannan karon ba wanda ya yi amai, ba wanda ya zubar da lemo. Tafiya ce mai sauƙi ƙwarai, kuma ba ta taɓa yin wadda ta fi ta ɗaci ba.

Gidansu na Ta'if ɗakuna biyu ne a hawa na uku. Da, ƙarami yake mata; yanzu ya zama fili. Ta rame. Tana dafa abinci, tana gaida mijinta, tana yi masa sannu da aiki, amma dariyar nan tata da ya bi har Gashuwa ya aura, ta ɗauke. Kullum bayan la'asar takan kira Hajiya a bidiyo ta gaishe ta, ta tambayi ciwon gwiwarta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ce kawai ba ta tambaya, sai dai ta zuba ido bayan kafaɗar tsohuwar ko za ta gilma.

Da farko Yakaka kan fizge wayar tana kuka. Daga baya ta koma leƙowa ta gudu. Wata rana, bayan watanni, Hajiya ta ce, "Takwara, zo ki gaida mutanen Makka." Yarinyar ta zo da lalle a hannu, ta yi baƙi ta yi ƙiba, ta durƙusa yadda aka koya mata.

"Ina wuni, Anti."

"Lafiya lau," in ji Radiyya, har da murmushi. Ta ƙarasa gaisuwar tsaf, ta yi sallama, ta ajiye wayar.

Taufiq na bakin ƙofa, ya ji komai. Ya ciro tasa wayar. "Ya isa. Yanzu zan kira ta. Ta yi fushi in za ta yi."

Radiyya ta riƙe hannunsa. "Kada ka kira."

"Kina ƙarewa a gabana, Radiyya. Ni likita ne, ina gani."

"Na ji haushinka, Dakta, ba zan ɓoye ba. Har yanzu akwai saura. Amma in ka karɓo ta da hawayen Hajiya, kullum na kalli yarinyar nan su zan gani. Ka bar ni da Allah."

Ya durƙusa a gabanta, babban mutum, ya kifa kansa a gwiwarta. Ranar ce suka fara yin kukan tare, maimakon kowa ya yi nasa a ɓoye.

Da shekara ta zagayo, Taufiq ya biya wa mahaifiyarsa Umra. Ta ce ba ta tafiya ba takwara, wa zai miƙo mata buta? Bayan sun gama ibada ya kawo su Ta'if su huta kafin su koma.

Yakaka ta shiga gidan da aka haife ta tana raɓe-raɓe kamar baƙuwa. Radiyya ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ba ta taɓa ta ba.

Washegari Hajiya ta yi wanka, ta sha turare, ta zauna a falo tana jiran masu zuwa sannu da zuwa. Taufiq ya fita tun da sassafe. Hantsi ya yi, azahar ta yi. Ba sallama, ba kukan akuya, ba mai tallan kifi, sai ƙarar na'urar sanyi.

"Radiyya, maƙwabtanku ba su ji na zo ba ne?"

"Hajiya, ban san sunansu ba. Na gefen nan 'yan Masar ne, a lif muke haɗuwa."

"To 'yan uwanmu Hausawa fa?"

"Akwai wata a Jidda. Mukan gaisa da salla."

Kwana ya bi kwana, tsohuwar ta leƙa taga ta ga motoci, ta dawo ta zauna. Ita da take cewa 'ya'yanta suna cikin daula a ƙasa mai tsarki, sai ga ta tana ƙirga juyawar fankar silin. Ranar nan tana kallon Radiyya na wanke-wanke da goyo, ta ce, "Da kika haifi takwara, wa ya yi miki wankan jego?"

"Ni na yi, Hajiya. Dakta yakan dafa min ruwan kafin ya fita."

"Kunun kanwa fa?"

"A waya Inna ta koya min."

"In kin yi zazzaɓi?"

Radiyya ta ɗan yi murmushi. "Ita ce take jiƙa tsumma ta ɗora min a goshi. Rabin ruwan a katifa yake ƙarewa." Nan take ta gane ta yi zancen 'yar fari a gaban suruka, ta sunkuyar da kai. "Ki gafarce ni, Hajiya."



Ranar tafiya Radiyya ta yi wa yarinyar kitso, ta wanke kayanta ta goge, ta jera su a jaka tare da sababbi. Ta kawo jakar gaban surukarta, ta durƙusa.

"Ga kayanta, Hajiya. Allah Ya kai ku lafiya."

Hajiya Fanna ta dubi jakar. Sannan ta dubi Radiyya.

"Ni a Nguru in na yi tari, mutum goma ne za su ce min sannu. Ke kina da guda ɗaya, na zo na ɗauke. Kuma shekara guda kina gaishe ni, ko sau ɗaya ba ki canza min fuska ba." Ta tura jakar da ƙafa. "Mai da ita ɗaki. Taufiq, ka cika alkawarinka, na karɓa, na gode. Yanzu ni ce na ba Radiyya riƙo. Ba kai na ba wa ba, ita na ba wa."

"Hajiya..." in ji Radiyya.

"Kuma ki ɗauki 'yarki a gabana. Nan ba mai yi miki dariya."

Ba a yi wa Yakaka wayon alewa ba, Hajiya ta hana. Ta ga fitar kakarta da idonta, ta yi ta birgima a bakin ƙofa tana kiran "Kaka, Kaka," tana ture hannun da ke rungume da ita. Radiyya ba ta saki ba. Ta san za a ɗauki lokaci kafin yarinyar ta sake sanin ta, ta kuma san a mota akwai wata tsohuwa da za ta koma ɗaki da ƙaramin gado babu kowa a kai. Ta yi wa yarinyar kuka, ta yi wa tsohuwar, tana jijjiga ta har ta yi barci a ƙirjinta.

Da Radiyya ta ɗaga murya a Nguru, wataƙila da ta taho da 'yarta tun ranar, amma da ta bar miji da uwarsa cikin ɓacin ran da ba ya warkewa. Ta danne zuciyarta, Allah Ya dawo mata da abinta ta hannun wadda ta karɓa, da albarka a kai. Ku kuma maza, kada ku yi kyauta da abin da ku biyu kuka mallaka sai kun zauna da abokiyar zamanku. Mu kuma na gida, kafin mu ce na waje suna jin daɗi, mu tambaye su wa yake ce musu sannu.