Muryar Mai Fito

Tabarau ya je gyarawa, ba mata ya je nema ba. Ƙafar tabaran ce ta karye, ya ɗaure ta da zare, abokan aiki suka dame shi da tsiya. Su ne kuma suka laƙaba masa Kunne, don tun safe har yamma hedfon, abin jin sauti, na manne a kunnensa.

Yarinyar da ke bayan kanta tana goge gilashi. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Sannu da zuwa. Kawo mu gani."

Sai Kunne ya saki tabaran a ƙasa. Da ƙafa ce kawai ta karye, yanzu har gilashin ya tsage.

"Malam, lafiya?"

"Don Allah sake magana."

"In ce me?"

"Komai ma. Ko ranakun mako ne ki lissafo mini."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Mu ido muke dubawa. Masu duba kai suna layin baya."

To, bari ku ji abin da ya firgita shi, don gidan su yarinyar katanga ɗaya ce da nawa, kuma katangar ba ta da kauri.

Auta ake ce mata, ko da yake ita ce fari ita ce ƙarshe. Babanta mai zane ne. Shekara ashirin da suka wuce, shi da matarsa suka yi wani gem, irin wasan nan da ake dannawa a kwamfuta da waya, suka sa masa suna Mai Fito. Wata mata ce a kwale-kwale tana tsallakar da matafiya kogi, kai kana tuƙi ita tana ba ka labari. Shi ya zana, ita ta yi murya. In ka kai ƙarshe sai ta sauke ka a gaɓa, ta yi maka sallama, ta juya ta shige hazo. Shi ke nan. Ƙarti masu gemu sun kai wurin nan suna share hawaye.

Auta na da shekara uku matar ta kwanta jinya. Cikin ruɗewar asibiti wani kamfani ya kawo takarda, Mai Zane ya sa hannu bai karanta ba. Ta rasu, gem ya bar gidan, har da muryar.

Da kamfani suka ga ana so, sai suka yi kashi na biyu, suka dawo da ita daga hazon. A na uku suka ba ta bindiga. A na biyar suka kai ta duniyar wata, inda ko ruwan wanke hannu babu, balle kogi. Ban da 'yan rassa: Mai Fito a tseren kwale-kwale, Mai Fito a gasar girki, Mai Fito da aljanu. Alhali matar Mai Zane ko ƙadangare ta gani sai ta hau kujera! Kuma duk da muryarta. Akwai wanda aikinsa ke nan, ya zauna ya yanyanka tsohon rikodin ɗinta gunduwa-gunduwa, ya ɗauko nan ya ɗauko can ya liƙa, har marigayiya ta buɗe baki ta ce, "Harbe su!"

Shekara huɗu ke nan wannan mai yankan Kunne ne. Ya san numfashin matar fiye da nasa. Shi ya sa da ya ji muryar a kantin tabarau, da rai, da fuska, hannunsa ya saki.

Gyaran kwana biyu ne, amma sau goma sha ɗaya ya koma kantin. Har lambar wayarta ya samu.

"Gilashina ya sake yin dishi-dishi. In zo?"

"Goge da gefen riga, Malam Kunne."

"Na goge. Har yanzu ke nake gani."

"To ciwon ya fi ƙarfin kantinmu. Amma zo ƙarfe huɗu, mai kantin ya fita."

Haka abu ya kankama. Yana ce mata Sanyin Rai, tana ce masa Kunnena. In ta tashi aiki sai ya rako ta har kwanar layi, su tsaya gindin falwaya kamar an dasa su. Da ta tambayi aikinsa, cewa ya yi gyaran sauti yake yi a kwamfuta, ya tsaya nan.

Wata ranar Asabar suna zaune a bencin bakin kanti, ta yi masa zancen mamarta, da gem ɗin, da takardar.

"Ka san ban san muryarta ba? Baba ya hana a kunna abin a gida. Sau ɗaya na ji a mota, a wayar wani, tana ihu a harbi aljani. Mai wayar na ta dariya. Na ce direba ya sauke ni tun ban kai ba." Ta murza zoben hannunta. "Ina son in san wane ne ke sa ta faɗin haka. Shi ba shi da uwa ne?"

Nan Kunne ya gane 'yar wa ce a gabansa. Da zargi kawai yake yi, yau ya tabbata. Ya ce a ransa gobe zai faɗa mata. Gobe ta zo ya ce jibi.

A kamfani kuwa an shiga uku. Kashi na takwas ake so, tsohon rikodin kuma ya ƙare, an yanka shi har babu wurin sa wuƙa. Ana cikin haka manajansu, wani mai turare da ya kan riga shi shiga ɗaki, ya wuce ta bayan Kunne daidai yana sauraron saƙon murya na Auta. Ya tsaya cak.

"Wace ce wannan?"

"Ba ta aiki ba ce, ranka ya daɗe."

"Komai na aiki ne," in ji manaja.

Cikin mako ɗaya ya gano kantin, ya gano gidan. Ya zo da mota mai sheƙi, ya durƙusa ya gaida Mai Zane, ya ce da alheri ya zo, yana son Auta da aure. Bai ko bari ruwan da aka kawo masa ya huce sanyi ba ya zaro takarda daga jaka: wai kafin nan, ko yarinya za ta ɗan leƙo ta ƙarasa aikin mamarta. "Ai yaronmu Kunne ne ya gano mana ita. Shi ke haɗa muryar tun kashi na shida."

Auta na tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu.

Mai Zane mutum ne da ba a jin muryarsa ko a gardama. Ran nan har layin baya an ji shi.

"Kusan shekara ashirin ina binne matata kuna tono ta! Yanzu kuma 'yar kuka zo ɗauka? Fita! Shi ma wancan, in ya sake taka ƙofar nan, ban yafe ba."

Da yamma saƙonta ya shiga wayar Kunne.

"Muryata ka ji ka saki tabarau. Ashe ba ni ka ji ba, kayan aiki ka tsinta. Na tambaye ka a benci ko mutumin ba shi da uwa, kana zaune kusa da ni. Kada ka sake zuwa."

Ya rubuta ya goge ya fi sau ashirin.

"Ranar farko muryar mamarki na ji, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga rana ta biyu ke ce. Ban kai ki wurin manaja ba, amma ni ne mai yankan, kuma tsoro ya hana ni faɗa. Ki yafe mini, Sanyin Rai."

Ta karanta. Ta kife wayar.

Wata biyar ba su haɗu ba. Auta ta rame har zoben ya fara zamewa. Shi kuma ya ajiye aikin, ya koma wani ɗan gidan rediyo yana gyara sautin sanarwa. Kamfani suka sa na'ura ta kwaikwayi muryar, suka fitar da kashi na takwas, mutane suka mai da shi abin ba'a. Yaran yanzu ko sanin akwai na farko ba su yi ba, su dai sun san wata tsohuwa mai bindiga da ba ta mutuwa. Ƙarshe kamfani suka rufe Mai Fito gaba ɗaya, har da na farkon da bai yi laifin komai ba.

Da Kunne ya ji za a goge tsofaffin rikodin, ya koma ya roƙa. Manaja ya ce, "Kwashe, shara ce," ya sa masa hannu.

Da la'asar ya yi sallama a ƙofar Mai Zane. Tsohon ya fito bai amsa gaisuwa ba.

"Baba, ba shiga zan yi ba. Kayanku na kawo. Minti biyu kawai, sannan in tafi."

Bai jira izini ba ya danna wayar. Aka ji matar tana karanta layinta, sai ta katse, ta fashe da dariya.

"Dakata, Baban Auta, yarinyar nan ta kama igiyar makirfo! Auta! Saki mana, 'yar nema. Zo nan. Zo zauna a cinyata. Yawwa, 'yar albarka. Ka ga idonta? Naka ne sak, Allah ya sa kada ta ɗauko taurin kan."

Sai muryar Mai Zane yana matashi, daga nesa a cikin rikodin: "Ana ɗauka fa."

"A ɗauka mana. In ta girma ta ji."

Mai Zane ya zauna a dakali. Auta kuwa, da take laɓe a bayan labule, ta fito ba takalmi.

"Sake kunnawa," ta ce. Ya sake. "Sake." Sau huɗu. A na huɗu ta riƙe baki ta ce, "Ashe haka take kiran sunana."

"Shekara huɗu ina tsallake wurin nan," in ji Kunne. "Ko numfashi ban taɓa cira daga cikinsa ba."

Tsohon ya ɗago. "Sauran fa?"

"Sauran na yanka, Baba. Ba ni da abin cewa."

Ya ajiye ɗan filas na kwamfuta da rikodin ke ciki a gefen dakali, ya tafi.

Sai bayan mako uku Auta ta turo saƙo.

"Baba ya ce ka turo manyanka. Ya ce aikin da ka yi bai yafe ba tukuna, yana ƙoƙari. Ni ma ina ƙoƙari. Amma ka zo, Kunnena."

An ɗaura auren ba hayaniya. Wasu sun ce amarya ta cika kuka, ni dai na ce a bar ta.

Da za a tafi da ita, Mai Zane ya kama hannunta ya sa mata filas ɗin a tafi, ya dunƙule.

"Baba, kai fa? A kwafa maka mana."

"A'a. Ni shekara tara na yi ina jinta, safe da yamma. Ke minti biyu kika samu. Tafi da abinki." Ya juya ga ango, ya daɗe yana kallonsa. "Kai kuma, ka iya saurare, wannan na sani. To ga ta nan. Ka saurare ta duka, kada ka zaɓa."

"In sha Allah, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Ku tafi tun ban canza ra'ayi ba."

Allah ya jiƙan mai muryar, ya sanyaya zuciyar wanda ta bari. Su kuma yaran, Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'yan da za su girma suna jin muryar uwarsu a tsakar gida.