Ƙusa a Jikin Jar Mota

A Zawaciki akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai saurin fushi kamar an watsa ruwa a tafasasshen mai. Babanta, Malam Labaran, yana aiki a wani kamfanin roba a Sharada. Ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi wata jar mota 'yar Kwatano a wajen wani dillali, Alhaji Ashafa. An yi ciniki a gaban shaida, an biya. Amma mota shiru.

Kullum sai Alhaji Ashafa ya ce, "Gobe in sha Allahu, takardu ake jira."

Goben nan kuwa ta ƙi zuwa. Baba ba babur, ba mota. Jiran adaidaita ya sa yana ta makara, har manaja ya ce in ya ƙara, a bakin aikinsa. Wannan zalunci da me ya yi kama!

Ran Asabar Baba ya tafi da ita wajen dillalin. Yana ciki suna magana, sai ga jar motar ta shigo. Ɗan Alhaji ne ke tuƙi, shi da abokansa, suna shan rake suna zubar da ɓawon a kan kujera. Ashe yawo ake yi da ita!

Ran yarinyar ya ɓaci. Ta tsinci wata ƙusa a ƙasa, ta karta manyan baƙaƙe a jikin ƙofar: TA BABANA CE.

Alhaji Ashafa ya fito yana tafa hannu. "Jama'a, ku zo ku gani! An ɓata mini mota!"

Motar da ya riga ya sayar, wai ta zama tasa kuma, don rashin kunya.

A hanyar gida Baba ya ce, "Kin san abin da kika yi?"

"Baba, ai cutar ku yake yi!"

"Na sani. Shi ya sa na kai ƙara wajen shugaban dillalai. Niyyata in ce na fasa, tunda sun wahalar da motar. Yanzu kin ba maƙaryaci bakin magana."

Ta fashe da kuka.

Ranar zama, Yohanna abokin aikin Baba ya zo, don shi ne shaidar cinikin. Ya faɗi gaskiya tsaf.

Shugaba ya ce, "Malam Labaran, wanda aka ja wa rai yana da zaɓi. Ko a mayar masa da kuɗinsa, ko a canza masa wata, ko a ba shi motarsa nan take. In an ƙi, kotu tana nan. To amma 'yarka ta rufe maka ƙofa biyu na farko. Wa zai karɓi mota da wannan rubutu?"

Yarinyar ta durƙusa. "Ku yi haƙuri, ni na yi. Babana bai sa ni ba."

Shugaba ya juya ga Alhaji Ashafa. "Kai kuma ka ji kunya. Miƙo mukulli da takardu yanzu, kuma gyaran duk abin da ɗanka ya lalata a kanka yake."

A motar suka koma gida. Ran Litinin Baba ya riga kowa isa kamfani.

Da yamma ta ce, "Baba, yaushe za a yi mata fenti?"

Ya yi murmushi. "Sai kin gama haddace darasin da rubutun nan ya koya miki. Ko kana da gaskiya, ba a ƙwatar haƙƙi da ɓarna. Hanya ake bi. Ɗauko bokiti ki wanke ta."